Yadda Ake Busar da Awara Ta Yi Watanni Ba Firji, Don Sayar wa Gidajen Abinci a Jos

Ranar da na fara kai samfurin busasshiyar awara wani gidan abinci da ke wajen Terminus, Hajiyar da ke da wurin ta ɗauki guda ɗaya, ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa a kan teburi, ta ce, "Ɗan nan, wannan soso ne ko abinci?" Na ce, "Hajiya, a ba ni ruwan zafi da minti goma." Aka jiƙa, aka matse, ta jefa cikin miyar da ke kan wuta. Da ta ɗanɗana ba ta yaba ba, ba ta kushe ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Gobe ma haka za ta fito?"

Wannan tambayar ce ta sa na koma na sayi sikeli da ma'aunin zafi, kuma a kanta zan gina duk bayanin nan. Mai gidan abinci, ko kukun makarantar kwana, ko mai girkin biki, duk ciwonsu ɗaya ne: nama ya yi tsada, kuma da zarar an ɗauke wuta kwana biyu abin da ke cikin firiza ya zama asara. Awara ta fi araha, amma wadda aka yi da safe kafin wata safiyar ta fara yauƙi. Wanda ya iya kawo musu abin da zai tsaya a madadin nama cikin miya, ya zauna a sito wata uku zuwa shida ba firji, kuma ya fito iri ɗaya a kowace jaka, ya sami kasuwa.

A ƙasashen waje hanya biyu aka fi bi. Ta farko ita ce ta babban inji, wadda kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka ya fito da ita a shekarun 1960 da sunan TVP: a cire wa waken suya mai, a tura garin ta cikin inji mai zafi da matsi, ya fito kumbure kamar gutsattsarin nama. Indiyawa sun rungumi wannan sosai. Ta biyu tsohuwa ce, ta mutanen Japan, suna kiranta koya-dofu: a daskarar da awara, a narkar, a matse, a busar. Ita za mu bi, domin duk wadda ta iya awarar bakin titi ta riga ta iya rabin aikin.

Kafin ka sayi ko da mudu ɗaya

Ka shiga kicin uku ko huɗu tukuna, ba ofishin mai wurin ba, kicin ɗin kansa. Ka tambayi kuku irin girman yankan naman da yake sa wa a faranti, sau nawa a mako ake miyar nama, ina suke ajiye shinkafa da wake. Amsar ce za ta gaya maka irin yankan da za ka yi da girman jakar da za ka ɗura. Masu yin fanke mai nama da samosa niƙaƙƙiya suke so, makarantu kuwa sun fi son gutsure wanda yaro zai gani a kwano ya ƙirga.

Sayen wake

Waken suya yana shigowa kasuwa da yawa daga Nuwamba zuwa Disamba, lokacin ne ya fi sauƙin kuɗi kuma ya fi ba da awara. Za ka samu wurin 'yan hatsi a kasuwar Katako, in kuma da yawa kake so ka leƙa Mangu ko Saminaka, ko ka sa a kawo maka daga Binuwai. Ka sani ba kai kaɗai ke nema ba. Masu haɗa abincin kaji da kamfanonin matse mai, irin Grand Cereals da ke Zawan, suna kwasa da yawa, don haka wanda ya jira sai damina ta faɗi zai saya da tsada, kuma tsohon wake zai samu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka ɗebi hannu guda daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba. Ka ciza ɗaya: in ya fashe ƙas, ya bushe, in ya lotse, da sauran danshi. Ka bar wanda ke da baƙaƙen ƙwayoyi da yawa ko warin ruma. Wanda ka ga an shafa masa hoda mai launi, irin shuka ne da aka yi wa magani, ko kyauta aka ba ka kada ya shiga tukunya. In ka sami dillalin da wakensa ya yi maka, ka riƙe shi, domin sauya wake yana sauya awara. Buhunan a ɗora su kan katako, kada su taɓa siminti ko bango.

Duk lissafin da ke ƙasa na kilo 10 ne. Ka daina awo da mudu tun yau, mudun wannan ba na wancan ba ne.

Jiƙo da markaɗe

A tsince, a rege tsakuwa, a wanke sau biyu, a jiƙa cikin ruwa mai tsabta wanda ya ninka waken uku. Tsawon jiƙon ya danganta da yanayi, kuma sanyin Jos yana ja masa lokaci. A watan Maris da Afrilu awa 8 ta isa. A tsakiyar hunturu sai ya kai awa 12 zuwa 14. Kada ka dogara da agogo kaɗai: ka ɓare ƙwaya ɗaya, in cikin ya baje sumul, launinsa ɗaya har tsakiya, ya jiƙu. In da ɗan rami mai duhu a tsakiya, a ƙara masa. In ka ga kumfa ta taru a saman ruwan kuma ya fara tsami, an wuce gona da iri, awarar za ta yi ƙaranci. Nauyin waken zai ninka biyu da ɗan wani abu. A murje a zubar da ɓawon da ya taso.

Injin markaɗen unguwa ba zai yi wannan aikin ba. Yanzu an markaɗa attaruhu, an jima gasara, ga baƙin mai da gutsattsarin ƙarfe. Don gwajin farko a gida babu laifi, amma kayan sayarwa sai da injinka, wanda ba a zuba masa komai sai wake, ana wanke shi da ruwan zafi kafin aiki da bayansa.

Jimillar ruwan markaɗe da na tata ya zama lita 80 zuwa 90. Ka raba aikin tukunya biyu, kilo biyar-biyar, ya fi sauƙin juyawa. A tace da ƙyalle mai ƙarfi, a sake zuba wa dusar ruwa a matse karo na biyu, akwai sauran madara a ciki. Abu ɗaya da mutane ke raina wa: gafin ɗanyen wake yana tasowa ne daga lokacin da ƙwayar ta fashe ta haɗu da ruwa da iska, kuma zafi ne ke tsayar da shi. Saboda haka daga inji sai tata, daga tata sai wuta. Madarar da aka bari awa guda a baho ana hira ta riga ta ɗauki gafin da ba ya fita.

Dafa madara

A nan Jos tana da nata hali. Garin yana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa ruwa ke tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100. Ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, dafuwa ce ke kashe shi. Don haka in madara ta tafasa ka bar ta minti 15 zuwa 20 tana ɓararraka a hankali, ana juyawa da muciya har ƙasan tukunya. Ka tsaya a kanta, madarar waken suya ba ta sallama kafin ta yi bori. In ta taso a rage wuta ko a yayyafa ruwan sanyi kaɗan. In ta kama a ƙasa kada a kankare, a juye wata tukunya nan take, ƙauri yana bin awara har cikin jaka.

Tsinka madara

A sauke, a bar zafin ya sauko tsakanin digiri 75 da 80. Masu awarar gida suna amfani da ruwan tsami na gasara, ko ruwan tsamiya, ko lemun tsami, wasu kuma alif. Kowanne yana tsinka madara, amma ga ra'ayina. Ruwan tsami na yau ba ƙarfinsa ɗaya da na jibi ba. Tsamiya tana rina awara ta yi duhu. Alif kuwa ka bar shi gaba ɗaya, yana barin ɗanɗanon da ke kama harshe, kuma ba abin da za ka so rubutawa a jikin jakar abincin yara ba ne. Abin da ya fi zama daidai kullum shi ne kalshiyam salfet na abinci, wanda ake samu wurin masu sayar da sinadaran sarrafa abinci. Na abinci na ce, ba farar hodar da magina ke yin silin da ita ba. Gram 20 zuwa 30 ga kowane kilo na busasshen wake, wato wajen gram 250 ga aikinmu, rabi ga kowace tukunya. In ba ka samu ba, farin binega na kwalba ya fi ruwan tsami tabbas, tunda ƙarfinsa a rubuce yake.

A dama hodar cikin ruwa lita ɗaya, a kasa uku. A juya madarar da ƙarfi, a zuba kaso na farko. A juya a hankali, a zuba na biyu. Na uku a yayyafa a sama, a rufe tukunya, a ƙyale ta minti 15 ba taɓawa. In ka buɗe ka ga awara ta dunƙule, ruwan da ya ware ya yi garau mai ɗan rawaya, an dace. In ruwan fari ne kamar madara, a ƙara kaɗan. Ka rubuta adadin da ya yi maka aiki a littafi.

Kada a zuba albasa, attaruhu ko magi kamar yadda ake yi wa ta suya. Kowane kuku yana da hannunsa, farar awara yake so ya yi mata abin da ya ga dama.

A kwashe cikin akwatin katako ko na ƙarfe marar tsatsa mai ramuka, wanda aka shimfiɗa wa ƙyalle, a naɗe, a ɗora marfi, a danne. Jarkar ruwa mai lita 25 ta fi dutse, domin kullum nauyinta ɗaya. Minti 45 zuwa awa ɗaya. Kana son ta fi ta bakin titi tauri, yadda in ka danna da yatsa za ta dawo. Kilo 10 na wake yakan ba da awara kilo 15 zuwa 20.

Daskarewa, inda sirrin yake

In ka yanka ɗanyar awara ka shanya kai tsaye, abin da za ka samu tsakuwa ce, ko ka kwana kana jiƙawa ba za ta yi laushi ba. Ƙanƙara ce ke gyara wannan. Ruwan da ke cikin awara in ya daskare yana zama ƙananan allurai da ke ture furotin gefe. In ya narke sai ya bar ramuka, awarar ta koma kamar soso. Ta ramukan nan ruwa ke fita da sauri wajen busarwa, ta nan kuma romo ke shiga a tukunyar kuku, kuma su ne ke ba ta taunar da ke kama da nama.

A bar ta ta huce, a yanka falle-falle, kaurin yatsa ɗaya da rabi, a jera cikin leda ba a cunkusa ba, a sa a firiza. Mafi ƙaranci kwana uku tana daskare, mako guda ya fi. A Japan sukan bar ta wajen mako uku cikin sanyi. Za ka ga ta koma rawaya kamar ta lalace, haka take yi, in ta narke launin zai koma.

Abin dariyar sana'ar ke nan: kai ne za ka sha wahalar firiza don abokin cinikinka ya huta da ita. Dole sanyin ya ɗore. In ta narke ta kwana a firizar da ta mutu, a zubar, kada a sake daskarwa. Kafin ka sa kuɗi a komai, ka warware wannan, ko da firiza mai aiki da sola ko ka kama hayar gurbi wurin masu ƙanƙara. Ɗakin sanyin masu kifi kuwa a'a, soso ba ya zaɓen abin da zai sha, ƙarni zai kwasa.

Narkarwa da yanka

A fito da ita a zuba cikin ruwa mai tsabta har ta saki. A matse tsakanin faranti biyu, a sake tsomawa, a sake matsewa, sau biyu ko uku, har ruwan da ke fita ya daina fari. Yanzu ne ake yanka, tun tana da laushi, domin in ta bushe farfashewa take. Gutsuren miya a yi shi ɗan ƙasa da yankan naman da ka gani a kicin. Ta samosa a marmashe da hannu ko a bi ta cikin rariya mai manyan ido. Daga nan a tsoma cikin tafasasshen ruwa minti biyar don kashe ƙwayoyin cutar da hannu ya sa mata, a tsame, a matse sosai da abin matsa ba da hannu ba, a wuce da ita wurin busarwa tana da ɗuminta. Kada a soya. Man suya ne zai fara lalacewa, ya ja sauran.

Busarwa

Nan na yi asarata ta farko. Watan Agusta ne, na shanya a kan tabarma cikin ɗaki saboda ruwa ya ƙi tsayawa, na kunna fanka na tafi na kwanta. Kwana biyu sama ta bushe, na ɗura. Ba a yi kwana goma ba na ga gumi a jikin ledar, sannan farar funfuna kamar auduga. Goggona da ta koya mini awara ta buɗe jaka ɗaya ta sansana, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. Kai ka busar da riga ka bar mai rigar a jiƙe."

Jiƙaƙƙiyar awara a wuri mai ɗumi-ɗumi gonar ƙwayoyin cuta ce. Ana son iska mai zafi, digiri 55 zuwa 65, tana ratsawa ba tsayawa, tun daga awar farko. In zafin ya wuce haka da yawa, bayan zai ƙeƙashe ya kulle danshi a ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne akwatin busarwa mai gas da fanka, masu walda suna haɗawa in ka kai musu zane. Ka dage a kan tiren raga na ƙarfe marar tsatsa, da rami a sama inda tururi zai fita, da wurin soka ma'aunin zafi. A baza falle ɗaya, kada wani ya hau wani, a riƙa sauya tiren sama da na ƙasa duk bayan awa biyu. Marmasasshiya takan bushe cikin awa 5 zuwa 6, gutsure awa 8 zuwa 12.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana taimakawa, akwatin sola mai rufin leda da raga a gefe zai rage maka kuɗin gas. Amma a rufe, saboda ƙura da ƙuda, kuma a ƙarasa da awa ɗaya ko biyu a akwatin gas. Daga Yuni zuwa Satumba kada ka yaudari kanka da rana.

Ta yaya za ka san ta bushe? Ka ɗauki mafi girma ka karya: ta karye ƙas, cikin ba sanyi ba laushi. Wannan gwajin farko ne kawai. Na biyu, ka daka gram 100, ka sa a tanda mai zafin digiri 105, kana aunawa har nauyin ya daina raguwa. In ya tsaya a gram 92, danshin kashi 8 ne cikin 100. Ana son ya kasance ƙasa da 10. Na uku shi ne wanda na fi so don arahar sa: ka cika kwalba rabi da awarar, ka jefa ƙaramin agogon auna danshin iska irin na masu ƙyanƙyasar ƙwai, ka rufe gam ka bari ta kwana. In da safe ya nuna ƙasa da 60, funfuna ba za ta iya tsirowa ba. In ya haura, a koma akwati.

Za ka tashi da kilo 4 zuwa 5. Kusan rabin nauyin nan furotin ne.

Ɗuri da ajiya

A bar ta ta huce sarai a kan tire, a rufe da ƙyalle. Mai ɗumi in ta shiga leda gumi take yi. Bayan danshi, abokin gaba na biyu shi ne mai: kusan kashi ɗaya cikin uku na busasshiyar awara man waken ne, kuma iska da haske da zafi suna sa shi warin tsohon mai da maƙaƙi a maƙogwaro. Don haka farar ledar kasuwa ba ta yi ba. A nemi leda mai kauri wadda haske ba ya ratsawa, mai azurfa a ciki, a liƙe da injin liƙe leda. In ka sami 'yar jakar nan mai shanye iska, ka jefa ɗaya a kowace. Kada ka zuƙe iskar da inji har ledar ta manne, murƙushe ta zai yi. Jakar kilo ɗaya ta fi ta kilo biyar amfani, ko ga babban kicin, domin wadda aka buɗe a damina aka bari ba ta daɗewa. A jera a kwali, a ɗora kan katako, a kula da ɓera.

Daga kowane aiki ka ware ƙananan jaka shida, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa buɗe ɗaya duk wata kana sansanawa, kana jiƙawa, kana ci. Da farko wata uku za ka rubuta a jiki. Sai jakunkunanka sun nuna maka sun kai shida lafiya, kuma mai gwajin abinci mai lasisi ya auna danshi da ƙwayoyin cuta da lalacewar mai, sannan ka ƙara.

Takardar kuku

Kowane kwali ya tafi da takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, manyan baƙaƙe. Kilo ɗaya, ruwan zafi ko romo lita uku, gishiri kaɗan, minti 10 zuwa 15, a matse. Za ta ninka biyu da rabi zuwa uku. Daga nan ko a ɗan soya da albasa, ko a jefa cikin miya minti 15 kafin a sauke. Wadda aka jiƙa hukuncinta na ɗanyen nama ne, ranar za a dafa.

Karon farko ka je da kanka ka tsaya bakin murhu. Shawarar da nake ba su ita ce kada su cire nama gaba ɗaya, su fara da kashi ɗaya awara, kashi biyu nama, a jiƙa ta da romon naman. Kuma su faɗa wa masu ci. Akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar waken suya, ban da haka ma sayar da awara da sunan nama ha'inci ne, ranar da aka gane kuwa kai da mai gidan abincin za ku kwana ciki.

Kuɗi da takardu

Wajen sa farashi ka haɗa wake, gas, wuta, ruwa, leda, ladan ma'aikata da kuɗin Keke, ka raba da kilon da ya fito. Amma in za ka yi wa mai saye bayani, kada ka ambaci kilon busasshiya, zai ga tsada. Ka jiƙa a gabansa, ku ƙirga gutsure nawa ya fito, ya kwatanta da gutsure nawa kilon nama ke ba shi bayan an cire ƙashi an tafasa. Dusar ma kuɗi ce, masu kiwo suna saye, amma ranar za a kwashe ko a shanya, kwana ɗaya take tsami. Makarantu suna saye da yawa, sai dai wasu ba sa biya sai an karɓi kuɗin zango. Kada bashin wuri ɗaya ya wuce abin da za ka iya sayen wake ba tare da shi ba.

Kayan da aka ɗura a jaka aka sa wa suna sai da rajista. Ka fara da rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan ka nemi lambar NAFDAC ta shafinsu na NAPAMS. Za su zo su duba wurin aiki, su ɗauki samfuri zuwa ɗakin gwaji. Wurin ya zama daban da kicin ɗin gida, da raga a taga, da ƙasa mai wankuwa, da wurin wanke hannu, ma'aikata da hula da shaidar gwajin lafiya. A jikin jaka a rubuta sunan kaya, abin da aka haɗa, nauyi, lambar aiki, ranar yi, ranar ƙarewa, adireshi, da gargaɗin cewa akwai waken suya. Littafin nan da kake rubuta awon kowane aiki, shi za ka buɗe musu.

In kasuwa ta fi ƙarfin firiza

Wata rana oda za ta iya wuce abin da tukunya da firiza za su ɗauka, a nan ne ake fara tunanin babban injin TVP. Kayansa sun fi daɗewa a ajiye tunda an cire mai, kuma ba ya buƙatar daskarewa. Amma yana son wuta mai layi uku wadda ba ta yankewa a tsakiyar aiki, da wanda ya iya gyaransa, da gari na musamman. Dusar waken suya da ake sayar wa masu kaji an riga an gasa ta sosai, ba ta kumbura yadda ake so a inji, kuma ba a adana ta a matsayin abincin mutane ba. Garin da ake buƙata shi ne wanda aka cire wa mai ba tare da an ƙona furotin ɗinsa ba. Ka fara samo mai kawo maka shi a kai a kai, ka ɗebi buhu biyu, ka ce wa mai sayar da injin ya tura su a gabanka, ka kai abin da ya fito kicin ɗin da suka saba da kayanka su dafa, sannan ku zauna maganar ciniki.